Yaro zai fara tuƙin jirgin fito, me ya kamata ya fara sani?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah waɗanda suka san harkar ruwa ku taimaka min da shawara. Ƙanina ne ya gama sakandare bana, shekararsa 17, kawunmu kuma yana da jirgin katako mai inji Yamaha 40 da yake fito dashi ranakun kasuwa a nan wajen Yauri, to yanzu ciwon ƙafa ya matsa wa kawu yana so yaron ya fara bin jirgin in yaso bayan damina ya sakar masa gaba ɗaya. Yaron ya iya ruwa kam ba laifi don a bakin gulbi muka tashi, amma ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Me da me ya kamata ace ya sani kafin a damƙa masa rayukan mutane?

Dan Gayu:
Wslm. Haba yaya, yaron da aka haifa a bakin ruwa kuma sai an koya masa jirgi? ai iya ruwa fidda kai, inya iya tada inji ya iya juya hannu shikenan sai addu'a

Baba Mai Fito:
Fidda kai ka ce ɗana, kai guda. Mai jirgi ba kanshi anka ba shi ya fitar ba, mutum arba'in na bayanshi, rabinsu mata da goyo waɗanda ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Abban Sadiq ka hwaɗa ma kawunku kada shi yi gaggawa. Mu da munka tashi ba a ba yaro bayan jirgi. Goshin jirgi za a aje ka da gwangwala, kana dungurawa kana jin ƙasa, nan laka ce nan yashi nan dutse, in ka gaji a miƙo maka ƙwarya ka kwarfe ruwa. Mai kwarfa shi ka sanin inda jirgi ka yoyo, wane katako ya fara ruɓewa, wace ƙusa ta saki. Yaro shi yi shekara cur a hakan, shi ga ruwa da cikarshi shi ga ruwa da janyewarshi, don gulbin watan Janairu ba shi ne na watan Yuni ba. Bayan damina ɗin da kunka ce ya yi kusa ƙwarai.

Abban Sadiq:
Allah ya ƙara girma Baba. Wato ko da ya san hanya sai ya cika shekara?

Baba Mai Fito:
Wace hanya ya sani? Wanga ruwa da kuke gani tun daga Yauri har New Bussa daji ne da gonaki da garuruwa anka danne lokacin da anka gama dam ɗin Kainji a 1968. Tsohuwar Bussa kanta tana ƙarƙashi. Itatuwan ba a sare su duka ba, suna nan tsaye har yau. In ruwa ya cika sun nutse can ƙasa ka wuce bisansu lafiya, in ya janye sosai ka gan su da idonka ka kauce, amma tsakanin nan biyu, lokacin da kututture ya rage taƙi guda ya fito, nan ne jirgi ka fashewa. Ba a zana su a takarda ba, a kan mutane suke. Sai yaro ya gan su da rani ya haddace, ya san daga waccan giginya zuwa wancan tsibiri ba a miƙewa.

Sannan ruwa biyu gare mu. Farin ruwa na damina mai laka da ƙarfi, shi ka zuwa da itace da kainuwa, sai baƙin ruwa da ka isowa da sanyin hunturu daga can Mali. Kowane da halinshi.

Kyaftin Legas:
Baba ya gama magana wallahi. Ni a makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron na yi karatu, yanzu ina kan jirgin da ke jan manyan jirage a Apapa, kuma abinda Baba ya faɗa shi ne dalilin da yasa duk girman kyaftin in ya zo bakin tasha sai an hawo masa da ɗan gari wanda ya san ruwan wurin ya shigar dashi. Bari in ɗan ƙara da karatun fuskar ruwa don yaron. A gulbi mai gudu in ka zo kwana, zurfi yana gefen waje inda ruwa ke cin gaɓa, gefen ciki yashi ne ya taru. In ka ga ruwa ya rabu biyu ya yi tsini tsinin na kallon inda ruwa ke fitowa, akwai abu a ƙasa, dutse ko kututture, kauce. In tsinin na kallon inda ruwa ke tafiya to ƙofa ce, nan ake bi. Kuma in za ka tsaya a kwata ka juyo goshin jirgi ya fuskanci ruwa tukuna, ruwan da kansa zai rage maka gudu, amma in ka biyo bayansa shi zai kai ka ya maka da gaɓa.

Amma gaskiya ni ba tuƙi ne ya fi damuna ba. Lodi ne.

Hajiya Mai Kifi:
Yauwa!! Allah ya maka albarka ɗan nan, nan nake jira a zo. Ni kullum a cikin jirgin nan nake saboda sana'a kuma wallahi akwai ranar da in ka sa hannu a gefen jirgi yatsunka a ruwa suke. Ga babura ga buhunan masara ga awaki ga mu a saman kaya

Kyaftin Legas:
Hajiya ai duk manyan haɗurran nan da muka yi kuka a kansu ki duba ki gani. Na wajen Warra a Ngaski watan Mayu 2021, sama da mutum 150 a jirgi ɗaya har da babura, waɗanda aka ceto kusan ashirin ne kawai. Na Bagwai a jihar Kano ƙarshen Nuwamba na shekarar, yara 'yan Islamiyya za su Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu. Na Patigi watan Yuni 2023, 'yan biki suna dawowa cikin dare, sama da 100 suka rasu. Na Gbajibo a Mokwa farkon Oktoba 2024, shi ma dare, shi ma cunkoso. Ba wai direbobin ba su iya ruwa bane, wasunsu ma sun fi kowa iyawa.

Ga lissafin da nake so yaron ya riƙe. Babur ɗaya ya haura kilo 100, wato ya cinye wurin mutum biyu. Buhun masara haka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, to in cikin jirginka ya kai mita 10 a tsawo mita 2 a faɗi kuma ruwa ya kwanta a ciki zurfin santimita 10 kacal, tan biyu kake ɗauke dashi wanda bai biya ka ko sisi ba, nauyin manya talatin kenan. Kuma shi wannan ruwan ba zama yake wuri ɗaya ba, jirgi na karkata kaɗan zai kwarara can gefen ya ƙara danna shi. Shi yasa kwarfa ba aikin raini bane. Kaya masu nauyi a ƙasa a tsakiya, mutane a zaune, ba mai hawa saman buhu, ba mai miƙewa.

A manyan jirage akwai layi da doka ta tilasta a zana a jikin jirgi, tun 1876 Ingila ta fara bayan wani ɗan majalisa Samuel Plimsoll ya yi ta faɗa da masu jiragen da ke cika kaya suna kashe ma'aikata. Layin ya taɓa ruwa an gama lodi, ko wa ya zo. Shawarata a samo fenti a ja wa jirgin kawu irin wannan layin kafin yaron ya karɓa.

Hajiya Mai Kifi:
To ni dai bari in faɗa muku gaskiyar da ba a so. Kuna ta zagin masu jirgi amma mu fasinja mu ne matsalar. Yamma ta yi kasuwa ta tashi kowa na son ya kwana a gidansa, jirgi ɗaya ya rage, wa zai yarda a barshi? Na sha gani da idona direba ya ce ya isa, wani dattijo ya daka masa tsawa yace kai ɗan wane ne, tun kan a haifi ubanka nake hawa ruwan nan. To babba ma kenan ina ga yaro ɗan 17? Sa'an kakansa zai kalla yace sauka? A tarbiyyarmu ma ba zai iya ba. Shi yasa maganar fentin nan ta shige ni, don yaro ba zai ce ni na hana ba, nuna layi kawai zai yi yace Baba ka gani ba ni bane

Abban Sadiq:
Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Yaron nan ko ido baya iya haɗawa da manya.

Dan Gayu:
Duk naji amma fa mu tuna wanda kwanansa ya kare ko a kan katifa yake sai ya tafi. wasu da rigar ruwan ma suke mutuwa

Malam Na Kwata:
Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, amma Dan Gayu ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Kuma a fiƙihu wanda aka ba amanar ɗaukar mutane in ya yi sakaci ba a cewa ƙaddara a wuce, akwai lamuni a kansa. Ka karanta Bismillahi majreha wa mursaha in za ka hau, wannan daidai ne, amma kar ka karanta ta a kan jirgin da kai kanka ka san ya fi ƙarfin kayansa.

Dan Gayu:
Na karba Malam 🙏 amma rigar nan fa zafi wlh, ga datti, wani ya cire wani ya saka

Nas Mariyama Gaya:
Salamu alaikum, ni daga wannan gefen nake, Gaya ta Nijar, gulbi ɗaya muke sha da ku. Dan Gayu zafin minti talatin ne, a wanke su a shanya ai ba wuya. Abinda na fi so a kula shi ne yadda ake sa ta, mutane su rataya a kafaɗa ba su ɗaure ba, ana faɗawa ruwa sai ta zame ta sama ta tafi abinta. A ja maɗaurin ya kama jiki, ta yara kuma dabam take kuma tana da igiya da ke bi ta tsakanin ƙafafu, in ka sa ma yaro ta babba zai sulluɓe ta ƙasa. Shi direba ya fara sa rigarshi, in fasinja sun ga mai jirgi da ita ba su cika gardama ba.

Inda babu rigar, jarka. Jarkar lita 20 da ba komai ciki an ɗaure murfinta tam tana ɗaga kusan kilo 20, mutum kuwa a cikin ruwa abinda yake buƙata don kansa ya tsaya a sama bai kai haka ba. A ɗaura musu igiya a hannu a zuba su a jirgi ba tare da an ɗaure su da jirgin ba. Masuntan Argungu ai da gora suke yawo bisa ruwa tun kaka da kakanni.

Hajiya Mai Kifi:
Kwanaki ai HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke da dam ɗin wutar lantarki, ta raba riguna a garuruwan bakin ruwa, amma wasu masu jirgin a ɗaki suka jibge su sai sun ji jami'ai na zuwa

Usy Makanike:
A bani fili in yi maganar inji tunda nan ne abincina. Yaron ya san waɗannan ko cikin barci aka tashe shi.

Yana tada inji ya leƙa baya ya ga fitsarin inji na fita, wato ɗan ruwan nan da ke tsartuwa. In babu ya kashe nan take, ko leda ko ciyawa ta toshe inda yake shan ruwa ko robar famfon ta cinye, minti kaɗan inji zai ƙone. Haɗin mai kuma a daina yi da ido, irin waɗannan injinan yawanci kashi 50 na fetur kashi 1 na baƙin mai ne, jarkar lita 20 tana cin mililita 400, amma ya duba abinda aka rubuta wa nasa injin. Fetur ɗin bakin hanya a tace shi don ruwa a cikin mai shi ke kashe inji a tsakiyar gulbi. Fulogi na sifiya, sifana, filaya, igiyar tayarwa, duk a cikin roba mai murfi. Kar ya tada inji yana cikin giya, na ga wanda jirgi ya zabura ya watsar dashi baya. Kuma akwai wata jar igiya mai lanƙwasa da ke zuwa da injin wadda ake ɗaurawa a hannu ko a ƙafa, in direba ya faɗa ruwa ta fizge inji ya mutu, mutanenmu cire ta suke su ɗaure wurin da waya wai tana damunsu, alhali in babu ita jirgin zagaye zai ta yi da farfela a buɗe har ya dawo kan wanda ya faɗa.

Mai kuma a raba shi uku, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa ɗaya ba a taɓa shi. Filafili da gwangwala kar su bar jirgi don an sa inji.

Kyaftin Legas:
Usy ka biya. A ƙara da anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, da igiya mai tsawo, in inji ya mutu ruwa na jan ka ita ce birkinka. A goshi ake ɗaure ta ba a baya ba, in ka ɗaure a baya ruwa zai hau ta wurin inji ya cika jirgin. Tsawon igiya ya ninka zurfin ruwa sau biyar ko fiye, in ta yi gajere anga ba ta kama ƙasa.

Sai dokar haɗuwa, ta duniya ce tun yarjejeniyar 1972. Jirage biyu masu inji sun yi gaba da gaba kowa ya karkata damansa. Mai wuce wani ta baya shi ke da alhakin kaucewa. Fitila da dare ja a hagu, kore a dama, fara a baya, in ka ga ja da kore tare to kanka yake zuwa.

Baba Mai Fito:
Kyaftin wagga doka taku ta teku ce mai faɗi. A gulbi inda hanya ta matse tsakanin yashi da dutse ba kullum dama ka samuwa ba. Mu abinda munka gada, mai hawa shi ka jiran mai gangarowa, don mai gangara ruwa ka tura shi ba shi iya tsayawa. Kuma mai inji in ya ga ƙaramin kwalekwale na masunci ko yara shi rage wuta tun daga nesa, igiyar ruwan da ka bari bayanka ta isa ta kifar da su kai ba ka ma waiga ba. Fitila kuwa wa ya gan ta? Tocilar waya ce. Ni dai dokata rana ta faɗi jirgi ya kwana.

Kyaftin Legas:
Ban ja da kai ba Baba, a koguna da yawa na duniya ma haka ake yi, mai gangara ake ba hanya. Ita ma NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ai ta hana tafiyar dare, bin dokar ne ya gagara. Amma ya san ta dama ɗin saboda ranar da zai haɗu da baƙon jirgi a sarari, kar kowa ya tsaya cankar zuciyar ɗan uwansa.

Abban Sadiq:
Hadari fa Baba? Don nan ne ni kaina nake tsoro, tafkin nan in iska ta taso sai ka rantse teku ne

Baba Mai Fito:
Hadarinmu daga gabas shi ka zuwa, yaro shi riƙa waiga gabas ko da yamma ya nufa. In zafi ya yi zugum iska ta ɗauke ɗif, gabas ta haɗe ta yi baƙi, sannan ka ji wata iska mai sanyi ta taɓa ka, to ba ka da lokaci, iskar ka riga ruwan sama isowa kuma ita ce mai ɓarna. Gaɓar da ta fi kusa za ka nufa ba wadda anka biya ka kuɗinta ba. Fasinja za su yi ta surutu, ƙyale su. In kuwa ta riske ka a tsakiya kada ka ba igiyar ruwa haƙarƙarin jirgi, kuma kada ka sa wuta ka soke ta kai tsaye, ka tare ta da kafaɗar goshi ka rage gudu, kowa shi zauna ƙasa, masu kwarfa su kama aiki. Abinda ka kifar da jirgi sau da yawa ba iskar ba ce, ruwa ya fantsamo ta gefe guda mutane su firgita su ruga ɗaya gefen gaba ɗaya. Don haka murya na cikin kayan aikin mai jirgi, tun a kwata za ka hwaɗa musu komi ya faru ba mai tashi.

Da hunturu kuma hazo, sai ka rasa gabas da yamma a tsakiyar ruwa. Ranar da ba ka hango ƙetare ka jira rana ta ɗaga.

Kyaftin Legas:
Ƙarin bayani kan tsawa, daga ganin walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In tazarar na raguwa to kanka yake tahowa.

Ɗan Zongo Yeji:
Gaisuwa daga Ghana. Wallahi kamar labarin tafkin Volta kuke, mu ma tun da aka yi dam na Akosombo a 1965 kututture ke cin jirage. Tambaya ta, tunda mai yayi tsada ba ku sa ƙyalle a can? Nan masunta na ɗinke buhuna su kafa sanda iska ta kai su

Abu Hawwa Mai Wurno:
Ɗan Zongo ka tuna min gida. Mu Hausawan Sudan a bakin Nilu muke kuma jirgin ƙyalle tsohon abu ne a kogin nan, musamman daga Khartum zuwa Masar, don Allah ya haɗa musu abin daidai, ruwa na gangarawa arewa iska kuma yawanci daga arewa take busowa, sai ka hau da iska ka dawo da ruwa. Amma ƙyalle karatu ne mai zaman kansa. Ba ya shiga cikin iska kai tsaye, sai dai ka yi ta yanka kana karkata dama kana karkata hagu, shi ma sai jirgin na da katako a ƙasa da ke riƙe ruwa, in babu gefe kawai iska za ta yi ta tura ka. Kwalekwale mai shafaffen ciki sai dai iska ta baya ko ta ɗan gefe. Babban abin kiyayewa igiyar ƙyallen a hannu take ba a ƙulle ta, iska na bugowa da ƙarfi ka sake ta ƙyallen ya yi ta kaɗawa jirgi ya miƙe. Wanda ya ƙulle ya kife. Ga masunci shi kaɗai ba laifi, amma jirgin fasinja a wurin da hadari ke faɗowa ba sallama ban ba da shawara ba.

Dan Gayu:
to in jirgin ya riga ya kife fa ko wani ya fada, tunda kunce iya ruwa bai isa ba

Nas Mariyama Gaya:
In ya kife a kama jikin jirgin, na katako sau da yawa ba ya nutsewa duka, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum. Gaɓa tana yaudara, ka ga kamar kusa. In mutum ɗaya ne ya faɗa a cire giya tukuna saboda farfela, wani ya tsaya yana nuna shi da hannu kar a ɓace shi, a miƙa mishi gwangwala ko a jefa jarka mai igiya. Faɗawa a kamo shi shi ne na ƙarshe, don mai nutsewa ba ya cikin hankalinshi, zai maƙale ka ku tafi tare, gwanaye da yawa haka suka rasu. In dole ne ka je da jarka a tsakaninku. Kuma a daina jiran ihu, mai nutsewa yawanci ba ya iya kira, sai dai ka ga kai na fitowa yana komawa.

In an fiddo shi dan Allah a bar danna ciki da juya mutum kai ƙasa wai a fitar da ruwa, lokaci kawai ake ɓatawa kuma amai na iya komawa huhu. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a ɗaga haɓa a hura mishi iska baki da baki sau 5, sannan danna tsakiyar ƙirji 30 hurawa 2, a yi ta yi ba tsayawa. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe a cire jiƙaƙƙun kaya a rufe shi. Ko ya tashi yana magana a kai shi likita, ruwan da ya shiga huhu na iya tada ciwo bayan awanni.

Hajiya Mai Kifi:
Mariyama ki ƙara da mu mata, zani da hijabi in sun jiƙa nauyi gare su kuma suna naɗe ƙafa. Ni in zan hau wando nake sawa a ciki, kuma bana goya jikata a baya a cikin jirgi, a cinya nake riƙe ta

Mai Jirgi Ne Ni:
Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba. Duk abinda kuka faɗa gaskiya ne amma ba wanda ya taɓo kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abinda muke zubawa a tanki ya ninka ya sake ninkawa, fasinja kuma ka ƙara masa ɗari biyu sai ya tara maka jama'a. In na tsaya a layin fentinku na bar mutum goma sha biyar a kwata, wancan na bayana zai kwashe su ya ƙara da nasa, ni na yi asara su kuma ba su tsira ba. In za a ja layi a ja wa kowa, Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiya su zauna su tsayar, wanda ya ƙetare a hana shi lodi sati guda. Yaro ɗaya ba zai iya wannan yaƙin ba.

Hajiya Mai Kifi:
Wannan kuma gaskiyarka ce. Ni dai na yarda a ƙara min kuɗi in dai zan ga layin a saman ruwa, kuma matan kasuwa in aka zaunar damu aka yi mana bayani za mu biya, mu ne fa muke mutuwa da 'ya'yanmu. Amma kar ku ƙara kuɗi kuma ku ƙara lodi don mun san halinku 😄

Mai Jirgi Ne Ni:
Hajiya ai kin san a jirgina ba a yi miki haka 😄 To Baba a ina za a ja layin? Don kowa ka bari da son ransa a bakin jirgi zai shafa shi

Baba Mai Fito:
Ba mai jirgi ka jan layin jirginshi ba, dattawan kwata ka ja, gaban jama'a. A zaɓi safiya da ruwa ya kwanta, a kwarfe jirgi tas, inji da mai da direba da yaranshi duk suna ciki. A yi ta zuba buhunan yashi a tsakiya, ba mutane ba, har abinda ya rage daga ruwa zuwa bakin jirgi a inda ya fi ƙasa ya zama kamu guda ga babban jirgi. Ni a tafki da damina ma sai in ƙara taƙi bisa hakan. A sa alama da ƙusa nan, a sauke yashin a jawo jirgi tudu shi bushe, sannan a ja fentin mai, fari ko ja, faɗin tafin hannu, hagu da dama, goshi da tsakiya da baya, don wani jirgin bayanshi ka fara zama saboda nauyin inji. Tsohon jirgi da katakonshi ya sha ruwa a sake auna shi kowace shekara.

Usy Makanike:
Fentin ina da ragowar galan a shago, duk wanda dattawa suka auna wa jirgi ya turo yaro da gwangwani.